Rancen Ɗanyen Tsiro: Nazarin Lamarin Waziri Wang Anshi da Bashin Manoma a Daular Song

Asalin matsalar

A ƙarni na 11, daular Song ta ƙasar Sin, mai hedikwata a birnin Kaifeng, tana da yalwar noma da ciniki, amma baitulmalinta kullum a ƙuntace yake. Soja ne ke cinye mafi yawan kuɗin. A zamanin sarkin da ya kafa daular a 960, dakarun ba su kai 400,000 ba. Zuwa shekarun 1040 sun haura miliyan 1 da dubu 200, kuma duka na albashi ne. Ga kuma kuɗin sayen zaman lafiya. Tun yarjejeniyar 1005 ake kai wa daular Liao ta arewa awon azurfa 100,000 da bandir 200,000 na siliki duk shekara, a 1042 aka ƙara ya zama 200,000 da 300,000. A 1044 aka ƙulla irin wannan da daular Xia ta arewa maso yamma.

Wannan ita ce damuwar fada. Damuwar manomi daban take, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san ta. Akwai watannin da hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana kuwa yana gona bai nuna ba. Sinawa suna kiran wannan tsakani da lokacin da kore bai riski rawaya ba. A nan ne ƙaramin manomi ke zuwa ƙofar mai hali ya ci bashin iri da na abinci, ruwan bashin kuma yakan kai ninki. In shekara ta yi kyau ya biya ya koma hannu wofi. In ta ƙi, gonar da ya jinginar ta tafi, ya zama ɗan haya a ƙasar da ubansa ya bar masa. Kowace gona da ta koma hannun manyan gidaje, waɗanda suka san hanyoyin kauce wa haraji, ragi ce a kuɗin shigar hukuma.

Akwai magani a rubuce tun da daɗewa, wato rumbunan daidaita farashi. Hukuma ta sayi hatsi da kaka lokacin da ya yi arha, ta fitar da shi in ya yi tsada. Sai dai rumbunan a biranen gunduma suke, nesa da ƙauyuka, kuma sau da yawa ko dai hatsin ya zauna har ya lalace, ko a ɗebe jarin a biya bukatun soja.

Gwaji a gunduma ɗaya, 1047 zuwa 1050

An haifi Wang Anshi a 1021, ɗan asalin Linchuan ne a lardin Jiangxi na yau. Ya ci babbar jarrabawar shiga aikin hukuma a 1042, ya zo na huɗu. A 1047, bai kai shekara 30 ba, aka tura shi ya riƙe gundumar Yin, inda birnin Ningbo yake a yanzu, a gaɓar tekun gabas.

A shekararsa ta farko ya zagaya yankuna 14 na gundumar da ƙafarsa yana duba magudanan ruwa, ya sa aka gyara madatsai da tafkuna. Sannan ya buɗe rumbun hukuma ya ranta wa manoma hatsi a lokacin ƙunci, su mayar da kaka tare da ɗan ƙari. Tarihin daular ya rubuta sakamakon a taƙaice: sabon hatsi ya maye gurbin tsoho a rumbu, kuma mutanen gundumar sun ji daɗin abin.

Abubuwa uku ne suka siffanta wannan gwaji. Hatsi aka ranta, ba tsabar kuɗi ba. Mai rantawar ya san ƙauyukan, yana iya isa kowanne cikin kwana ɗaya ko biyu. Babu kuma wani na sama da ya ɗora masa adadin da zai rabar.

Daga larduna zuwa fada, 1058 zuwa 1069

Wang ya yi shekaru yana ƙin karɓar muƙaman fada, yana zaɓar aikin larduna. A 1058 ya miƙa wa Sarki Renzong doguwar takarda, wadda aka fi sani da takarda mai kalma dubu goma, yana cewa asalin ciwon daular shi ne rashin ƙwararrun ma'aikata da rashin iya sarrafa dukiya. Ba a yi aiki da ita ba. Fadar ba ta manta da yadda gyaran da Fan Zhongyan ya fara a 1043 ya ruguje cikin shekara biyu ba.

A 1067 Shenzong ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara 19, da burin ƙwato ƙasashen da maƙwabta suka riƙe, ya kuwa tarar da baitulmali ba zai ɗauki yaƙi ba. Ya kira Wang. A 1068 aka yi muhawara a gabansa tsakanin Wang da Sima Guang, babban malamin tarihi. Wang ya ce wanda ya iya sarrafa dukiya zai wadata hukuma ba tare da ƙara wa talakawa haraji ba. Sima Guang ya ce dukiyar da sama da ƙasa ke samarwa ƙayyadaddiya ce, in ba ta hannun jama'a to tana hannun hukuma. Sarki ya karkata ga Wang. A wata na biyu na 1069, bisa kalandar Sin, ya naɗa shi mataimakin waziri, a ƙarshen 1070 kuma ya zama cikakken waziri. Wang ya kafa sabon ofishin tsara harkar kuɗi, ya cika shi da matasan ma'aikata, ya kewaye tsofaffin ofisoshi.

Sababbin dokokinsa suna da yawa. Akwai ta biyan kuɗi a madadin aikin tilas, da ta sake auna gonaki, da ta tsaron ƙauyuka, da ta shigar hukuma ciniki. Wannan nazari zai tsaya a kan guda ɗaya.

Tsarin rancen, wata na tara, 1069

Sunan dokar qingmiao, ma'ana ɗanyen tsiro. Wani jami'i mai suna Li Can ya taɓa yin makamancinta a Shaanxi, inda yake ba manoma kuɗi tun shuka tana kore su biya da hatsi.

An ɗauki jarin rumbunan daidaita farashi da na agaji, kimanin miliyan 15 na kuɗi da hatsi, aka mai da shi jarin rance. Kuɗin lokacin ƙwandaloli ne na tagulla masu huda a tsakiya, ana zura su a igiya, igiya ɗaya a lissafi ƙwandala 1,000 ce. Ana ba da rance sau biyu a shekara, a wata na ɗaya da wata na biyar, a biya tare da harajin girbin rani da na kaka. Ruwan bashin kashi 20 cikin 100 ne. Gidaje biyar ko goma suna haɗuwa su tsaya wa juna, mai hali daga cikinsu ya zama shugaba. A Hebei an ƙayyade iyakar abin da kowane gida zai karɓa bisa matakinsa a rajistar haraji: mataki na ɗaya igiya 15, na biyu 10, na uku 6, na huɗu 3, na biyar da 'yan haya igiya ɗaya da rabi. Dokar ta ce wanda ya so ne zai karɓa. An shirya farawa da larduna uku, Hebei da Jingdong da Huainan, amma ba a jira ganin sakamako ba aka tura jami'ai na musamman kusan 40 su kai shirin ko'ina.

Gargaɗi na farko daga cikin gida ya fito. Su Zhe, ma'aikaci a ofishin Wang, ya ce in kuɗi ya shiga hannun mutum, ko mai kirki ne zai kashe shi ba bisa hanya ba, in lokacin biya ya zo ko mai hali ne zai makara, daga nan sai bulala ta shigo. An ce Wang ya yi wata guda bai sake ta da maganar ba. Daga baya ya ci gaba, Su Zhe kuma ya bar ofishin.

Rahotanni daga larduna, 1070 zuwa 1073

Cikin 'yan watanni koke ya fara isowa fada, kuma kusan duka a kan abu ɗaya: tilasci. Ana auna jami'an da aka tura da yawan abin da suka rabar da yawan ribar da suka dawo da ita. Matalauci yana son rancen amma biyansa babu tabbas. Mai hali ba ya bukata amma zai biya. Sai jami'ai suka riƙa ɗora wa gidaje rance bisa matakinsu, ko sun so ko sun ƙi, har da mazauna birni waɗanda ba su da ko kunya ɗaya ta shuka. A Hebei ruwan ya kai kashi 30. A wata na ɗaya na 1070 fada ta fitar da umarni na hana tilasci, amma ba ta sauya ma'aunin da ake auna jami'ai da shi ba.

A wata na biyu Han Qi, dattijon da ya yi waziri ga sarakuna uku, a lokacin yana riƙe da Hebei, ya aiko da rahoto. A wani rahoton da ya biyo baya ya yi lissafin a fili. Wanda ya karɓi ƙwandala 10,000 a farkon shekara zai biya ruwan 2,000 cikin wata shida, ya sake karɓa ya sake biyan 2,000, don haka ruwan shekara 4,000 ne. A rahoton farko kuwa ya tambaya yadda za a ce ana taimakon matalauta alhali gidan da ya fi kowa arziki shi ake ba kaso mafi girma. Rahoton ya girgiza sarki, har ya nuna shi ga waziransa yana yaba amanar Han Qi, yana tambayar wane ɗanyen tsiro ne a cikin birni. Wang ya ce ba shi da lafiya, ya zauna a gida, ya nemi a sauke shi. Sarki ya lallashe shi ya dawo, shirin ya ci gaba.

A wannan shekarar Sima Guang ya rubuta wa Wang wasiƙu uku yana tuhumarsa da shiga hurumin ofisoshi, da tayar da fitina, da neman riba, da ƙin jin shawara. Wang ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce sarrafa dukiya domin al'umma ba neman riba ba ne. Sima Guang ya kuma faɗa wa sarki abubuwa biyu da yake tsoro: in matalauta suka kasa biya suka gudu, bashin zai faɗa kan masu halin da suka tsaya musu har su ma su talauce, kuma in aka rantar da jarin rumbuna duka, ranar da yunwa ta zo ba za a sami abin agaji ba. A 1071 ya koma Luoyang ya duƙufa ga rubutun tarihi.

Wasu gwamnoni sun ƙi bin umarni. Ouyang Xiu, a Qingzhou, ya dakatar da rance na biyu, yana cewa na farkon shekara yana da hujja tun da lokacin ƙunci ne, amma na wata na biyar yana zuwa ne daidai girbin alkama, lokacin da manomi ba ya cikin matsi, don haka ruwan kawai ake nema. An hukunta Fu Bi, tsohon waziri, saboda hana rabon a Bozhou. Su Shi, yayan Su Zhe, ya ba da shaida daga baya kan abin da ya gani: ranar rabon kuɗi manoma suna shigowa birni, ana buɗe shagunan giya da wasanni a kusa, kuɗin shigar hukuma daga giya yana tashi, wasu manoman su koma gida babu ko ƙwandala.

Akwai inda abin ya tafi lami lafiya. A lardin Lizhou, can yamma, wani jami'i mai suna Xianyu Shen bai matsa wa kowa ba. Da aka tambaye shi dalilin ƙarancin rabonsa, ya ce doka ta ce a ba wanda ya so, mutanensa ba su so ba, shi kuma ba zai tilasta su ba. A ɓangaren ban ruwa kuma, wanda rancen hukuma ya taimaka wa, lissafin 1070 zuwa 1076 ya nuna ayyukan ban ruwa sama da 10,000 a faɗin daular.

Fari, 1073 zuwa 1074

Daga kakar 1073 har bazarar 1074 ruwa ya ɗauke a arewa. Mutane suka baro ƙauyuka suka nufi Kaifeng. Wang ya faɗa wa sarki cewa fari da ambaliya al'ada ce ta duniya, ko sarakunan farko na kirki ba su tsira daga gare su ba.

Wani ƙaramin ma'aikaci mai gadin ƙofar Anshang ta birnin, Zheng Xia, wanda a da Wang ne ya ɗauke shi kamar almajiri, ya zana hoton 'yan gudun yunwar da yake gani kullum, ya aika wa sarki ta hanyar saƙon gaggawa ba da izini ba. Ya rubuta cewa a dakatar da dokokin, in kwana goma suka wuce ba a yi ruwa ba a sare kansa. Sarki ya kwana bai yi barci ba, ya dakatar da karɓar basussuka da wasu matakai. Ruwa ya sauka cikin 'yan kwanaki. Kakar sarki da mahaifiyarsa suka yi masa kuka a kan Wang. A wata na huɗu na 1074 Wang ya sauka ya tafi Jiangning, wato Nanjing ta yau.

Dokokin ba su tafi da shi ba. Magoya bayansa, Lü Huiqing da Deng Wan, suka shawo kan sarki aka dawo da su, aka kuma kori Zheng Xia zuwa can kudu. Gyara ɗaya aka yi mai nauyi: a 1074 aka ba da umarni cewa dole a riƙa ajiye rabin jarin rumbuna don agaji da daidaita farashi, rabi kawai za a rantar.

Bayan waziri, 1075 zuwa 1086

An dawo da Wang a wata na biyu na 1075, amma ya tarar da jama'arsa a rabe, tsakaninsa da Lü Huiqing ya ɓaci. A 1076 ɗansa Wang Pang ya rasu. A wata na goma ya ajiye aiki, bai sake komawa ba. Ya yi shekara goma a wajen garin Jiangning yana rubuta waƙoƙi, yana yawo a kan jaki.

Sarki ya ci gaba da shirin da kansa, kuɗi kuma ya taru har aka gina ɗakunan ajiya 32, daga baya aka ƙara 20. Amma lissafin rancen ya fara nuna bashin da ba ya dawowa. A 1080 an rabar da kusan miliyan 13 na kuɗi da hatsi aka karɓo miliyan 15. A 1081 an rabar da kusan miliyan 14, abin da ya dawo bai kai miliyan 12 ba. Dukiyar da aka tara ta tafi yaƙi da Xia, aka sha kashi a Lingzhou a 1081 da Yongle a 1082.

Shenzong ya rasu a 1085. Magajinsa yaro ne, kakarsa Gao ta riƙe mulki, ta kira Sima Guang, ya shiga rushe dokokin ɗaya bayan ɗaya. Dokar biyan kuɗi a madadin aikin tilas ma, wadda Su Shi da kansa ya roƙa a bari, kwana biyar aka ba da a soke ta. Wang ya rasu a wata na huɗu na 1086. Sima Guang, yana kwance ba lafiya, ya shawarci fada ta girmama shi da kyau. An soke rancen ɗanyen tsiro gaba ɗaya a wata na takwas, Sima Guang ya rasu a wata na tara. A 1095 aka sake dawo da rancen, ɓangarorin biyu suka ci gaba da korar juna har Kaifeng ta faɗi hannun Jurchen, wata ƙabila daga arewa, a 1127.

Rumbun ƙauye, 1168 zuwa 1181

Matsalar manomi tana nan. A 1168 yunwa ta afka wa gundumar Chong'an a Fujian, inda malami Zhu Xi yake zaune. Ya ari awo 600 na shinkafa daga rumbun hukuma, aka riƙa ranta wa mutanen yankin, a 1171 aka gina rumbu a ƙauyen. Ruwan kashi 20 ne, daidai da na Wang. Sai dai in shekara ta yi rauni ana yafe rabin ruwan, in yunwa ce ana yafe ruwan duka, kuma dattawan wurin ne ke riƙe da lissafi. Bayan shekara 14 an mayar wa hukuma awo 600 ɗinta, rumbu yana da 3,100 nasa, aka daina karɓar ruwa sai kashi 3 cikin 100 na asarar awo. A 1181 Zhu Xi ya kai rahoto fada, sarki ya ba da umarni a yaɗa tsarin.

Zhu Xi ya kwatanta nasa da na Wang. Ya ce niyyar dokar Wang ba mummuna ba ce, amma kuɗi ta bayar ba hatsi ba, a gunduma aka ajiye ta ba a ƙauye ba, ma'aikata ne suka gudanar da ita ba mutanen gari ba, kuma da zuciyar tara kuɗi cikin gaggawa aka yi ta. Shi ya sa, in ji shi, Wang ya iya yin ta a gunduma ɗaya ya kasa yin ta a daula. Daga baya, a wuraren da ma'aikata suka karɓe ragamar rumbunan ƙauye, irin wannan koke na tilasci ya sake tasowa.

Hukunci

Yawancin labarin da ya iso mana abokan hamayyar Wang ne suka rubuta shi, wasunsu kuma daga manyan gidajen da rancen hukuma ya taɓa wa ciniki suka fito. Dole a karanta su da wannan a zuciya. Wang ya ga ciwo na gaske, bai tara wa kansa dukiya ba, ko maƙiyansa sun shaide shi a kan haka. Ruwan kashi 20 ya fi ninkin da mai hali ke karɓa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ban ga laifi ba a tunanin cewa hatsin da ke ruɓewa a rumbu ya fi amfani a hannun mai shuka.

Abin da ya karya shirin, a ganina, shi ne ɗora masa aiki biyu. An so ya ceci ƙaramin manomi, an kuma so ya cika baitulmali don yaƙi. A Yin da Chong'an rumbu ya koma cike shi ne iyakar buri, don haka ana iya yafe wa wanda shekara ta ƙi. Da riba ta zama abin da ake auna jami'i da shi, mafi dacewa da rance a idonsa ya zama wanda ba ya bukata, kuma umarnin hana tilasci na 1070 bai taɓa wannan ba. Mai bin bashin kuma yanzu shi ne mai karɓar haraji, mai bulala da kurkuku, wanda ba a roƙonsa ya jira zuwa baɗi. Xianyu Shen ya nuna cewa dokar a rubuce tana iya tafiya ba cuta, amma ta hanyar rabar da kaɗan, abin da fada ba ta saka wa kowa a kansa.

Inda na fi ɗora wa Wang alhaki shi ne wata na biyu na 1070. Shirin bai cika wata shida ba. Rahoton Han Qi yana gabansa da lissafi dalla-dalla, daga mutumin da ke zaune a ɗaya daga cikin larduna ukun farko, kuma abin da ya ƙunsa mai gyaruwa ne: a cire mazauna birni, a daina ɗora wa masu hali, a ajiye wani kaso a rumbu. Sarki a shirye yake ya saurara. Wang ya ɗauki rahoton a matsayin hari, ya rufe ƙofarsa har sarki ya janye. Ajiye rabin jarin da aka yi a 1074 shi ne abin da Sima Guang ya yi gargaɗi a kai tun 1070, kuma sai da manoman arewa suka cika ƙofar Anshang kafin a yi shi.